Ƙarfen da Ke Ƙarƙashin Kujerar Fijo

Akwai zamanin da mai Fijo a Kaduna ba ya tambayar mai shago ko kayan da ya miƙo masa na asali ne. Babu dalilin tambayar, tunda kusan duk abin da ke kan kanta ta hanya ɗaya ya biyo. A 1975 kamfanin PAN ya fara harhaɗa motoci a Kakuri, kuma a shekarun farko jiragen dakon kaya ne ke kwaso sassan daga Lyon ta ƙasar Faransa su sauke a filin jirgin Kano, manyan motoci su ƙarasa da su Kaduna. Fijo 504, wadda ta fito a 1968 aka kuma zaɓe ta gwarzuwar motar Turai a 1969, ta daɗe a nan fiye da yadda ta daɗe a ƙasar da ta haife ta. Faransawa sun daina ƙera salun ɗinta a 1983, Kaduna kuwa ta ci gaba da fitar da ita har 2006. Ita ce motar kwamishina, ita ce ta shugaban makaranta, ita ke kai amarya, wagon ɗinta kuma ita ta riƙe tashoshin mota daga Sakkwato zuwa Maiduguri, har Maraɗi da Damagaram.

A wancan lokacin idan ƙofa ta lotse sai a sayo ƙofa, a ɗaura, ta rufu da tura ɗaya. Bakanike bai san wahalar faɗaɗa huji don noti ya shiga ba. Abin ya fara sauyawa bayan 1986, da gwamnatin Babangida ta kawo tsarin tsuke bakin aljihu, darajar naira ta zube, sabon kaya daga Faransa ya fi ƙarfin aljihun direban tasha. Sai 'yan Beljiyam suka cike gurbin, wato sassan motocin da Turawa suka gama da su, ana shigo da su ta Legas da Kwatano. Bayansu kwafin Taiwan ya iso, daga baya na Chana ya mamaye kasuwa. Tun daga nan, wanda ya shiga Fanteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano neman abu ɗaya, tambaya ake fara tarbarsa da ita: "Alhaji, wanne kake so, orijina, Beljiyam ko Chana?" Kuɗi uku, inganci uku, suna ɗaya.

Yau 504 ta kusan barin tasha. Waɗanda suka rage suna kashe mata kuɗi yawanci ba don neman abinci suke yi ba. Wani motar mahaifinsa ce da ta shekara da shekaru a ƙarƙashin bishiyar darbejiya a ƙofar gida, wani kuma ita ce motar da ya fara koyon tuƙi da ita, yana so ya sake jin ƙamshin cikinta. Irin waɗannan mutane kan fara da abin da ido ke gani: fenti, fitilu, tambarin zakin nan na gaba, kushin. Sai ranar da mai kushin ya kwance kujeru ya ɗaga kafet, kowa ya yi shiru.

Salun da wagon na 504 ba su da shasi daban da aka ɗora bodi a kansa. Bodin shi ne ƙashin motar, daɓen ƙasan kuma yana cikin abin da ke riƙe ta. A kan daɓen nan akwai ƙarafan da aka lanƙwasa aka like da waldar ɗigo tun daga masana'anta, su ne gindin kujera. A jikinsu ake ɗaure dogayen ƙarafan da kujera ke zamewa gaba da baya a kai. Falankin bai fi kaurin milimita ɗaya da ɗan wani abu ba, ƙarfinsa yana cikin lanƙwasarsa da ƙwanƙwamansa. Su ke ƙayyade tsayin zaman direba, da nisan ƙafarsa zuwa birki da kuloci, da yadda ƙirjinsa ke fuskantar sitiyari. Ranar da aka yi karo kuwa, nauyin mutum kan ninka sau da yawa a cikin ƙiftawar ido, kuma wannan ƙarfen ne zai riƙe kujerar kada ta tashi da shi. Hukumar kiyaye haɗurra ta tilasta ɗaura bel tun 2003, amma bel ba ya cika aikinsa idan kujerar da ake zaune a kai ta tumɓuke.

Mu a Arewa Allah ya hutar da mu daga gishirin da Turawa ke zubawa a tituna lokacin ƙanƙara, wanda ke cinye ƙasan motocinsu. Namu ciwon daban ne. Robar gilashi ta bushe da rana ta tsage, ruwan damina ya tsiyayo ciki. Yaran wankin mota su sa tiyo su feshe ciki da waje. Ulun da ke ƙarƙashin kafet ya sha ruwan ya riƙe, ya kwana, ya yi wata, tsatsa tana ci daga sama zuwa ƙasa ba wanda ya sani. Ga lodi. Wagon da aka yi don mutum bakwai ta shekara ashirin tana ɗaukar tara ko goma da buhunansu a kan ramuka, har ƙarfen da ke kewaye da noti ya gaji ya tsage. Duk wanda ya hau motar haya a shekarun 1990 ya ga kujerar direba da aka tokare da guntun katako, ko wadda aka like da walda wuri ɗaya, dogo da gajere kowa ya yi maneji.

To, wanda ya ɗaga kafet ya tarar da wannan, hanya uku ce a gabansa. Ko ya nemo matacciyar Fijo a yanko masa gindin kujerar da kewayensa, ko ya sayi sabon bugu na kwaikwayo, ko ya kai wa fanabita ya ƙera masa da guduma. A Turai akwai masu buga wasu sassan bodin 504 sabbi saboda masu sha'awarta, amma kaɗan ne ke isowa nan, kuma kafin ya iso kuɗin jirgi da canji sun ninka shi.

Inda wannan muhawara ta fi nuna shi ne Amurka, a wajen masu gyaran Ford Mustang. Motar ta fito a watan Afrilun 1964, aka sayar da miliyan ɗaya kafin ta cika shekara biyu, ita ma bodinta ne ƙashinta kamar 504. Tana da wani rauni sananne: ramin iska da ke gaban gilashi yakan ruɓe, ruwan sama ya bi ta nan ya sauka a kan daɓe. Saboda haka da wuya a samu tsohuwar Mustang da daɓenta bai taɓu ba. Gindin kujerarta wani ɗan dandamali ne mai kamar akwati da aka like a kan daɓen, kusoshin kujera su ratsa shi, a ɗaure notinsu ta ƙarƙashin mota a toshe hujin da roba. Na mai buɗaɗɗen rufi ma ya bambanta da na mai rufaffe. Da farko masu gyaranta su ma wurin matattun motoci suke zuwa, ko su bi tsofaffin dillalan Ford su kwashe ragowar kayan da ba a taɓa ɗaurawa ba. Da wannan ya ƙare sai masana'antun Taiwan suka shigo, har ta kai yau kamfanin Dynacorn na sayar da bodin tsohuwar Mustang sukutum, sabo fil, da lasisin Ford. Mutum na iya gina motar 1967 wadda babu ƙarfen 1967 ko ɗaya a jikinta.

Duk da wannan yalwa, ƙorafin masu gyara bai sauya ba: sabon dandamali ba ya zama daram sai an yi masa aiki. Leɓensa ya yi tsawo sai an rage, kwanarsa ba ta bi kwanar daɓe ba sai an daddaka, hujin kusa ya kauce da ɗan kaɗan. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mai kwaikwayo ba shi da mabugin da kamfani ya yi amfani da shi tun farko. Tsohon sashe yake samu ya auna ya sassaƙa nasa mabugin a kai, alhali tsohon ya riga ya sha nauyi da zafi da shekaru. Wani ma kwafin kwafi yake yi. Kamar tela ne da aka kai wa tsohuwar riga a ce ya ɗinka irinta: zai kwaikwayi har inda ta saki da inda ta tsuke a wanki, wanda kuma ya kwaikwayi tasa zai ƙara nasa kuskuren. Sannan falankin ƙarfe idan an buga shi yakan ɗan koma baya bayan an ɗaga mabugi, kuma kowane irin ƙarfe da yadda yake komawa. Idan aka rage yawan bugu don a rage kuɗi, ƙwanƙwaman su fito ba zurfi, ƙarfin ya ragu.

A nan dole a yi wa mai kwaikwayo adalci. Motocin wancan zamani su kansu ba su fito daidai wa daida ba. Hannun mutane ne ke riƙe na'urar walda, kuma Mustang a masana'antu uku aka riƙa haɗa ta, Dearborn da San Jose da Metuchen. Ƙara shekara hamsin na ramuka da ƙananan haɗurra a kai, sai ka ga ko da an kawo sashen asali daga wata motar ba lallai ya zauna lafiya a wannan ba. Sau da yawa laifin da ake ɗora wa sabon ƙarfe na tsohon bodi ne da ya murɗe. Ingilawa sun samu sauƙin da wasu ba su samu ba, domin kamfanin British Motor Heritage ya tattaro ainihin mabugan motar MGB, ya koma buga bodinta a 1988. Wannan sabo ne a ƙarfe, na asali ne a awo, kuma shi ne mafi kusa da abin da kowa ke buri. Motoci kaɗan ne suka dace da haka.

Abin da ya fi jan hankalina a tarihin nan shi ne yadda ra'ayin masu gyaran kansa ya juya. A shekarun 1980 burinsu shi ne mota ta fito tana ƙyalli fiye da ranar da ta bar masana'anta, duk abin da ya tsufa a cire a zubar. Da haka aka yi asarar ƙarfen asali mai yawa wanda ɗan faci kawai yake buƙata. Daga baya suka farga. Gasar Pebble Beach ta Kalifoniya, wadda ke cikin manyan gasannin tsofaffin motoci a duniya, ta buɗe rukunin motocin da ba a sabunta ba a 2001. Ƙungiyar FIVA ta masu tsofaffin motoci ta fitar da Yarjejeniyar Turin, wadda ta fara aiki a 2013, tana kira da a adana abin da za a iya adanawa na asali, duk abin da aka sauya kuma a rubuta shi a bayyana. Ƙwararrun masu gyara a can yanzu, idan gindin kujera na asali yana da sauran rai, sai su huda ɗigon waldar ɗaya bayan ɗaya su ɓamɓare shi a hankali, su kankare tsatsar, su canza daɓen da ke ƙasa, su mayar da shi mazauninsa.

Mu ba mu bi ta wannan hanyar ba, don ba mu taɓa samun yalwar da za mu zubar da abu mai sauran amfani ba. Fanabitanmu sun daɗe suna yin abin da Turawa suka dawo suna yabo. Akwai wani dattijo a wani gareji a Kaduna da na ga yana wannan aikin a kan wata wagon fara. Ya riga ya cire tsohon gindin kujerar, rabinsa tsatsa ta cinye, amma bai jefar ba. Ya shimfiɗa kwali a kai yana bi da yatsa yana fitar da kowace kwana, ya ɗauki awo daga bakin ƙofa zuwa huji, daga tudun tsakiya zuwa huji, ya rubuta da alli a jikin bodi. Na ce, "Baba, tunda sabo za ka ƙera, wannan ruɓaɓɓen na mene ne?" Bai ɗago ba ya ce, "Ɗana, shi ne zai gaya mini inda kujerar take. In na yar da shi, wa zan tambaya?" Da ya gama ƙera sabon bai kunna wuta ba tukuna. Ya kafa shi da ƙananan sukurori, ya ɗora kujerar, ya sa mai motar ya zauna ya taka kuloci har ƙasa, ya tura kujerar gaba ya ja ta baya. Sai da ta zame ba tare da ta cije ba sannan ya ce wa yaronsa ya kawo tiyon gas.

Wannan tsari shi ne abin da masu Mustang ke nanata wa juna, da kayan aikinsu masu tsada: kada a yi walda sai an gwada da kujera da komai. Dattijon ya san shi ne daga yawan motocin da suka bi ta hannunsa tun suna sabbi.

Sai dai ba zan ɓoye raunin aikin hannu ba, domin rai ake magana. Falankin da fanabita ke samu ba koyaushe ne mai kyau ba. Wani daga jikin tsohon firij ne ko durom, wani ya fi na asali laushi. Guduma ba ta fitar da ƙwanƙwama mai zurfi iri ɗaya kamar mabugin masana'anta. Waldar kabaid, wadda har yanzu ita ce a yawancin garejinmu, tana zafafa wuri mai faɗi, ƙarfe ya murɗe, fentin kariya na kewaye ya ƙone, tsatsa ta samu ƙofa tun kafin mota ta bar gareji. Masana'anta ɗigo-ɗigo ta like, kuma hanyar da ta fi kusa da haka ita ce a huda leɓen sabon ƙarfen a jere, a cike kowane huji da injin walda mai waya, bayan an shafa wa fuskokin da za su haɗu fentin da ke jure wuta. Garejin da ke da wannan injin a garuruwanmu ba su da yawa, wutar da za ta ɗauke shi ma wani zance ne. Mafi muni shi ne wanda zai manna gwangwani a kan tsatsa, ya shafe da bodifila, ya fesa baƙin fenti, ya mayar da kafet. Wannan ha'inci ne, kuma wanda zai biya kuɗinsa shi ne wanda ke zaune a kujerar ranar da taya ta fashe.

Yankakken Beljiyam ma ba tsira ba ne kai tsaye. Sunansa na asali, gaskiya ne, kuma awonsa na kamfani ne. Amma ya fito daga ƙasar gishiri, kuma tsatsa ta fi son ɓuya a tsakanin falanki biyu da aka like, inda ido ba ya kaiwa. Yankakken motar da ta ƙare rayuwarta a Katsina ko Agadas sau da yawa ya fi shi lafiya, in dai ba ta yi aikin tasha ba.

Da za a tambaye ni, ga inda na tsaya. A fitila da tambari da madubi da marikin ƙofa, ina bayan na asali ko da ya dusashe, domin su ne fuskar motar, kuma tsufansu ba ya kashe kowa. A gindin kujera kuwa lafiyar ƙarfe ce a gaba. Na asali mai rai ya fi komai, a gyara shi a mayar. In ya mutu, sabon da ya zauna daidai aka like shi da kyau ya fi tsohon da ake lallaɓawa don kawai a ce ba a canza komai ba, ko daga Taiwan ya fito ko daga hannun fanabita. Sharaɗi biyu ne. A auna sabon da tsohon kafin a rabu da tsohon. Sannan a faɗa wa duk wanda zai sayi motar nan gaba abin da aka yi a ƙarƙashin kafet, tunda shi ba zai gani ba.

Sharaɗin farkon nan ne ke damuna, don abin aunawar yana ƙarewa. Shekarun baya kowane gareji yana da gawar Fijo ɗaya ko biyu a bayansa, kaji na ƙwai a ciki, duk mai neman sashe ko awo ya je ya duba. Tun da kamfanonin narka ƙarfe suka yawaita, 'yan gwangwan suka fara bin gari gari suna saye da kilo. Ana sare bodin 504 da gatari a loda a tirela, ta koma rodin gini. Ba na zargin mai sayarwa, yana da iyali, filin da gawar ta tare ma yanzu kuɗi ne. Amma kowace gawa da aka narka ta tafi da awon da ta fito da shi daga Kakuri, kuma mu ba mu da wani kamfani da ya ajiye mana mabugai kamar yadda aka yi wa MGB. Faransawa suna da gidan tarihin Peugeot a Sochaux tun 1988, suna kuma sake fitar da wasu sassan tsofaffin motocinsu. Ƙasar da ta fi kowa daɗewa tana haɗa 504 ta bar adana ta a hannun ɗaiɗaikun mutane.

Dattawan da suka san motar tun tana sabuwa su ma suna raguwa. Yaran da ke koyon aiki yanzu a kan Golf da Sharon da Corolla suka buɗe ido, motocin da idan sashe ya lalace ake cirewa a ɗaura wani. Ba laifinsu ba ne, aikin da ke kawo abinci suke koya. Amma kowannensu yana da waya mai kyamara a aljihu, abin da ubangidansa bai taɓa samu ba. Ƙungiyoyin makanikai da na masu sayar da kayan mota a Fanteka da Ƙofar Ruwa suna da ƙarfin da za su sayi lafiyayyen daɓen salun ɗaya da na wagon ɗaya da na fikof ɗaya kafin 'yan gwangwan su riga su, su ajiye a rumfa ƙarƙashin kwano, a ɗauki hotonsu ta kowace fuska, a zauna da dattijo irin wancan ya nuna inda ake kafa awo, a yanka samfurin kowane sashe a falanki a rataye. Da haka duk fanabitan da aka kawo wa 504 daga Zariya ko Gusau ko Zinder zai san inda zai je ya auna kafin ya kunna wuta.